Rabin Labarin da Dzarma Ya Aika Haiti

Duk wanda ya zauna a layin masu markaɗe na Moduganari a Maiduguri ya san Ya'akubu Dzarma, tsohon sufeton 'yan sanda mai ɗingishin ƙafar hagu. Da ya ajiye kaki sai ya kafa injin markaɗe a ƙofar gidansa, ya yi masa rumfar kwano, ya sa benci biyu. Da safe mata su kawo wake da tattasai, bayan la'asar kuma dattawan layin su taru a yi hira.

Ɗingishin nan a Haiti ya samo shi. A shekarar 2009 aka tura shi can cikin 'yan sandan kiyaye zaman lafiya, aka haɗa shi da wani saurayi tafinta mai suna Fenel, saboda mutanen ƙasar ba Turanci suke yi ba. Ranar da babbar girgizar ƙasa ta rusa Port-au-Prince, bango ya danne wa Dzarma ƙafa. Kowa na ta kansa, amma Fenel ya samo jak ɗin mota ya ɗaga bangon, ya tone ƙasa da hannunsa har farcensa biyu suka cire, ya jawo shi waje. Tun daga nan zumunci ya ƙullu. Dzarma ya dawo gida, Fenel ya zama malamin firamare a wata unguwa da ke jikin tsauni, yana zaune da 'yarsa guda ɗaya, Widlin, wadda uwarta ta rasu a girgizar.

Kusan kullum saƙon muryar Fenel yakan shigo wajen azahar, don lokacin ne gari ke waye musu a can. Da Dzarma ya ji ƙarar wayar sai ya kashe inji ko da kuwa markaɗen bai gama laushi ba, ya kara ta a kunne. Fenel "Shef" yake kiransa, yadda suke kiran ɗan sanda a ƙasarsu. Da can hirar ƙwallo ce da ta yaran makaranta. Daga baya ta sauya.

Aka shiga har ɗakin kwanan shugaban ƙasarsu aka kashe shi. Ba a yi zaɓe ba. 'Yan majalisa wa'adinsu ya ƙare ɗaya bayan ɗaya har ba sauran ko mutum guda da jama'a suka zaɓa. 'Yan daba masu manyan bindigogi suka riƙa cin gari titi bayan titi, su tare hanyar mai, su tare hanyar abinci, su sauke mutane daga mota su tafi da su. Fenel ya ce ɗalibansa arba'in da biyu sun koma goma sha tara, kuma biyu daga cikin waɗanda ya koya wa karatu ya gan su da idonsa a kan babur, bindiga a kafaɗa.

"Shef," in ji shi wata rana a watan Afrilun 2023, muryarsa a dashe, "abin da ya fi yi mini ciwo, babu wanda za ka je ka zaga. Ko azzalumin shugaba ma, aƙalla ka san ƙofarsa. Mu babu kowa. Ofishin 'yan sandan da ke ƙasan unguwarmu jiya sun kwashe kayansu sun tafi. Ku ma kun taɓa shiga irin wannan. Yaya kuka yi garinku ya dawo?"

Dzarma ya daɗe yana jiran wani ya yi masa wannan tambayar. Ya gyara zama a kan benci, ya danna wayar, ya yi magana ta minti goma sha ɗaya ba tsayawa. Ya ba shi labarin shekarun da Maiduguri ta zama kamar maƙabarta, yadda ake rufe ƙofa tun kafin magariba, yadda mutum ke tsoron maƙwabcinsa. Sannan ya ba shi labarin 2013, lokacin da samarin unguwanni suka ce ya isa, suka fito da gora da adda, suka tsare bakin kowane layi, suka riƙa nuna maharan da suka addabi garin ɗaya bayan ɗaya har suka bar gari.

"Gora, Fenel," ya ce yana buga sandarsa a ƙasa. "Ba tanka ba, ba jirgi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da tsoro ya fita daga zuciyar mutanen unguwa, ranar aka gama da su."

Matarsa Sa'adiya tana tsaye a bakin zaure da kwanon abincinsa a hannu. Ba ta jin Turanci sosai, amma ta ji shekarar da ya ambata, ta ga yadda yake buga sanda. Ta ajiye kwanon a hankali.

"Baban Raudatu, labarin gora ka ba shi?"

"Shi ya tambaya."

"Ka ba shi na Abdulmutallib?"

Dzarma ya kau da kai. Abdulmutallib ƙanenta ne, mai gyaran rediyo a Gamboru, yaron da ko kaza ba ya iya yankawa. A cikin waɗancan watanni ne wani da suka taɓa samun saɓani ya nuna shi da yatsa a bakin layi, ya ce yana cikin maharan. Aka sa shi a mota da rigar aikinsa. Dzarma da kakinsa da muƙaminsa ya zaga duk inda ya sani, bai samo ko takalminsa ba.

"Wannan daban ne," ya ce. "Mutum na cikin ruwa, sai ki miƙa masa dutse?"

"Ba dutse ba ne, gaskiya ce. Kuma ka gaya masa a bayan yaran nan akwai soja da bindiga? Su a can wa ke bayansu?"

"Gobe zan ƙara masa bayani."

Gobe ta zo, ya ɗauki wayar sau biyu yana ajiyewa. Jibi kuma Fenel ya riga shi aiko da saƙo, yana haki, bayansa ana ta busa usur da buga kwanoni. Garin gaba ɗaya ya tashi, in ji shi. A wata unguwa jama'a sun kama 'yan daba sun gama da su, wutar kuma ta bazu. Su ma sun jawo tsofaffin motoci sun toshe hanyoyi uku da ke hawa unguwarsu, wani mai walda ya ƙera musu ƙatuwar ƙofar ƙarfe. An zaɓi Fenel cikin masu kula da ƙofar, tunda malami ne, ya san kowa da ɗan kowa.

"Na kunna musu saƙonka a taro, Shef. Na fassara musu kalma bayan kalma. Har tsofaffi sun yi kuka."

Dzarma ya tuna maganar Sa'adiya, amma daɗi ya danne ta. Wata biyu cur labari mai kyau ke zuwa. Satar mutane ta ragu, mata suka koma kasa kaya a bakin titi, ɗaliban Fenel suka kai talatin da biyar. Ya aiko da hoton Widlin, budurwa 'yar shekara goma sha bakwai, tana dariya da takardar jarrabawa a hannu. A majalisar la'asar Dzarma ya riƙa zagayawa da wayar yana nuna wa kowa.

Ba'ana, tsohon direban tanka da ke zama a ƙarshen benci, ya ce, "Wushe, sannu da ƙoƙari, Sufeto. Wato daga Moduganari kake ba da umarni har bayan teku?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sa'adiya dai ba ta sake ta da maganar ba.

A tsakiyar Yuli saƙo ya shigo a lokacin da aka saba. Dzarma ya kashe inji. Fenel ya fara magana a hankali kamar mai karanta takarda.

Ya ce jiya da hantsi wani saurayi ya zo ƙofar, ba shi da katin shaida, takalminsa duk taɓo. Ya ce yayarsa yake nema, an ce masa ta gudo nan unguwar da 'ya'yanta. Ya faɗi sunanta, babu wanda ya gane. Samari suka juyo wurin Fenel suka ce, Malam, ka san shi? Ya dubi yaron da kyau, ya ce bai san shi ba. Gaskiya ya faɗa. Kafin ya rufe baki an rataya wa yaron taya, an cinna masa wuta. Fenel ya yi ihu, ya shiga tsakani, aka ture shi gefe. Da yamma matar ta fito. Tana nan a unguwar tun sati uku, da sunan mijinta aka san ta.

"Kalma huɗu na faɗa, Shef. Ban taɓa shi ba. Amma har yanzu ƙaurin yana cikin rigata. A wurinku hakan ta taɓa faruwa? Ba ka ce mini ta faru ba."

Dzarma ya zauna da wayar a cinya. Wata mata da ke jiran markaɗenta ta yi magana sau biyu bai ji ba, ta ɗauki bokitinta ta wuce injin gaba. Bai amsa ba ranar. Washegari ma bai amsa ba. Yana ta tsara maganar a zuciyarsa, duk ta inda ya ɗauko sai ya ga ta yi kama da neman wanke kai. Sai da ya kwana huɗu sannan ya shiga zaure ya rufe ƙofa, ya faɗi komai. Ya faɗi sunan Abdulmutallib, da yadda uwar yaron, surukarsa, ta rasu tana shimfiɗa wa ɗanta tabarma kullum. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, suna da yawa. Ya ce gora ita kaɗai ba ta kori kowa ba, akwai soja a baya, akwai gwamnati ko da gurguwa ce.

"Ka ɗauki Widlin ku bar unguwar nan," ya ce a ƙarshe. "Za su dawo, kuma ba da adda za su zo ba. Na ba ka rabin labari, ka yafe mini."

Ya tura. Alama ɗaya ta fito a gefen saƙon, wadda ke nuna ya bar wayarsa amma bai isa ba. Ya ce ko wuta ce babu a can. Da la'asar ya duba, alama ɗaya. Kwana uku, sati ɗaya, alama ɗaya.

Ya hau keke Napep ya tafi Kasuwar Litinin wurin masu gyaran waya. Mai gyaran ya juya ta, ya tura wa kansa saƙo ya shiga nan take, ya miƙa masa.

"Baba, wayarka lafiyarta ƙalau. Ta can ce a kashe."

A watan Agusta ya ji a rediyo an ce 'yan daba sun afka wa unguwannin jikin tsauni a Port-au-Prince, sun ƙona gidaje, dubban mutane sun gudu da katifu a ka. Labarin bai kai minti ɗaya ba aka wuce zuwa farashin man fetur. Dzarma ya nemo lambar makarantar da Fenel ke koyarwa, ba ta shiga. Ya nemi tsofaffin abokan aikinsa da suka je Haiti tare, ɗaya a Yola, ɗaya a Jos, babu wanda ya san kowa a can yanzu. Ya rame. Majalisar la'asar ta ci gaba da taruwa a kan bencinsa, shi kuwa sai ya zauna a gefe yana jan carbi. Ba'ana ya taɓa tambayarsa labarin mutanensa na bayan teku, da ya ga fuskarsa bai ƙara ba.

Wata rana Sa'adiya ta same shi ya sake buɗe saƙon yana kallon alamar.

"Da ban yi jinkirin kwana huɗun nan ba," ya ce.

"Da ka yi ko ba ka yi ba, magana zarar bunu ce, ta riga ta fita tun Afrilu." Ta zauna kusa da shi. "Ban ce kai ka kashe kowa ba, Baban Raudatu. Ko ba ka aika ba, wanda aka matsa wa lamba zai ɗauki adda. Amma ba zan ce maka ba ka da hannu ba, don ka san ƙarya nake."

Bai ji haushinta ba. Ita kaɗai ce ba ta ce masa ya bar wa Allah ya manta ba.

Sai a watan Maris na 2024, cikin azumi, saƙo ya shigo daga wata baƙuwar lamba. A kwanakin ne rediyo ke cewa an fasa gidajen yarin babban birnin, an rufe filin jirgin sama, firaministan ƙasar ya fita waje ya kasa dawowa. Muryar mace ce, da Turancin makaranta, tana tsayawa tana neman kalma.

Widlin ce. Ta haddace lambarsa tun tana ƙarama. Ta ce wayar babanta ta faɗa hannun 'yan daba tun a Yuli, a wani shinge da suka tare shi. Ta ce a Agusta suka zo ta hanyoyi uku lokaci guda da bindigogi masu sarrafa kansu. An yi ta kiran 'yan sanda, mota ɗaya ta zo ta juya. Babanta da mutum shida suka tsaya a ƙofar ƙarfen don mata da yara su samu su gangara ta bayan tsauni. Ya ce mata ta yi gaba yana zuwa. Wani da ya tsira ya ce ya ga inda ya faɗi, amma ba a iya komawa an ɗauko gawar ba, har yau.

Dzarma ya ce innalillahi, ya sake cewa, ya kasa ƙarasawa. Saƙon bai ƙare ba.

Ta ce yanzu tana harabar wata makarantar sakandare tare da mutane sama da dubu biyu, bandaki huɗu, ruwa sai in mota ta kawo. Yara na yawo ba abin yi, 'yan daba kuma suna zuwa bakin ƙofa da shinkafa da waya suna kiransu. Shi ya sa ita da wasu 'yan mata biyu suka share jikin wani bango, suna tara yara da safe suna koya musu karatu da gawayi. Sun kai arba'in.

"Baba yakan ce garinku ya mutu ya dawo," ta ce. "Ina so in gaya wa yaran, amma ba na so in gaya musu abin da ban tabbatar ba. Da gaske ne ya dawo?"

Ya danna zai yi magana, ya saki. Ya sake dannawa, ya saki. Sa'adiya da ke tsintar shinkafar buɗa baki ta ture tiren gefe, ta ce ya fassara mata. Da ya gama ta miƙo hannu.

"Ni zan yi magana, kai ka juya mata. Kada ka rage ko kalma ɗaya."

Ta riƙe wayar kusa da bakinta.

"'Yata, ni ce matar Shef, sunana Sa'adiya. Allah ya ji ƙan babanki. Kin tambaya ko garinmu ya dawo. Kasuwa ta dawo, yara suna zuwa makaranta, ana biki ana suna. Amma ya ɗauki shekaru, kuma har yanzu akwai ƙauyukan da ba a iya zuwa noma. Ƙanena bai dawo ba, kuma ba maharan ne suka tafi da shi ba, namu ne. Wanda ya nuna shi yana nan yana sayar da kifi, ina wucewa ta gabansa. Haka dawowar take. Ki gaya wa yaran haka, kada ki ƙara mata gishiri. Abin da kike yi da gawayin nan kuwa, ki riƙe shi, ban san ko zai isa ba, amma ban ga wanda ya mutu ta dalilinsa ba."

Dzarma ya fassara, bai rage komai ba. A ƙarshe ya ƙara nasa, ya gaya mata abin da ya aika wa babanta a Afrilu da abin da ya ɓoye. Alama biyu suka fito nan take.

Amsarta ta zo bayan kwana biyu, gajeriya. Ta ce tana wurin taron ranar da aka kunna saƙonsa, ita ma ta yi tafi. Ta ce ba ta san abin da za ta ce masa a kan wannan ba tukuna. Ta gode wa Mama Sa'adiya.

Daga nan saƙonninta suka riƙa zuwa jefi jefi, duk lokacin da ta samu aron waya. An naɗa majalisar riƙon ƙwarya, membobinta suna ta rigima da juna. An kawo 'yan sandan waje, ba su kai yawan da aka yi alkawari ba. A watan Yuni harbi ya iso makarantar, suka gudu zuwa wani filin wasa. Ɗaya daga cikin 'yan matan da suke koyarwa tare ta bi jirgin ruwa, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Yara uku daga cikin nata sun karɓi shinkafar nan sun bi masu ita, babbansu shekararsa goma sha biyu. A Nuwamba aka sake korarsu, karo na uku, ta ce sun samu wuri a harabar wani coci da rufinsa ya ƙone, akwai bango mai kyau, ta fara da yara goma sha ɗaya. Ta roƙi a sa su a addu'a, ta ce ba ta damu da wane irin masallaci ko coci ba ne.

Ranar Juma'a Dzarma ya tafi masallaci da wuri, ya samu liman kafin ya hau mumbari, ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ya roƙe shi ya sa mutanen Haiti a addu'a.

"Haiti?" in ji liman. "A wace jiha take?"

"Ƙasa ce, Malam, can bayan teku. Baƙar fata ne irinmu. Abin da ya same mu ne ya same su, nasu ya fi."

Liman ya gyaɗa kai. Bayan sallah ya yi addu'a ga Borno da Najeriya, sannan ya ce Allah ya kawo wa mutanen Haiti sauƙi, ya tsare 'ya'yansu. Sahu sahu aka amsa da amin, mafi yawa ba su san ko su wane ne ba. Dzarma ya daɗe hannuwansa a sama bayan kowa ya shafa.

Da ya koma gida ya tura wa Widlin saƙo ya gaya mata an yi. Mai wayar ya amsa da rubutu cewa ba ya tare da ita yanzu, amma in ya gan ta zai faɗa mata. Sati uku ke nan bai sake ji daga gare ta ba.